Faifai Shida, 'Ya Ɗaya

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara layin masu kayan lantarki ya san Biyu-Biyu, ko da bai taɓa shiga shagonsa ba. Shagon yana can ƙarshen layi, tsakanin mai ɗinkin labule da wani kantin magani. Ɗaki ne dogo marar faɗi, in mutum biyu suka haɗu a tsakiyarsa sai ɗaya ya karkace. Tebur ɗaya ne a ciki, an shimfiɗa masa roba shuɗiya, ga fitila mai lanƙwasasshen wuya, ga gwangwanayen madara cike da sukurori, kowane gwangwani da irin nasa. Mai shagon gajere ne, furfura ta cinye masa gefen kai. Yana sanye da tabarau, wani tabarau kuma yana aljihun riga don kada na farko ya faɗi ya fashe. Makullin shagonsa biyu ne, biro biyu, lambar waya biyu. Sunansa na yanka kuwa sai a takarda.

Ba haka kawai ya samu laƙabin ba. Yana sabon buɗe shago, wani mai ɗaukar hoto ya ba shi amanar haɗa kwamfutar da zai riƙa tara aikinsa a ciki. Ya haɗa masa ita da faifan ajiya guda ɗaya, mafi kyau da ake samu a lokacin. Shekara huɗu ana aiki lami lafiya, sai rana ɗaya faifan ya mutu, ba ciwo ba jinya. Ya yi kwana uku yana fama, ko hoto ɗaya bai ceto ba. Mai hoton bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Zama ya yi a kan benci ya zuba tagumi, can ya ce, "Akwai wata mata da za ta zo gobe karɓar hoton mahaifinta. Ya rasu watan jiya, kuma sau ɗaya tak ya taɓa yarda ya tsaya aka ɗauke shi. Kai ka faɗa mini abin da zan ce mata." Tun daga ranar Biyu-Biyu bai ƙara yarda da abu ɗaya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata har shi kansa. Allah ya ba su 'ya ɗaya tak, abin da abokansa na layi ba su gaji da tsokanarsa a kai ba. Yarinyar a shago ta girma. In ta taso makaranta nan take sauka, ta ajiye jaka ƙarƙashin tebur ta hau benci tana kallon hannunsa. Siririya ce, yatsunta kamar tsinken sakace, duk sukurun da ya faɗa lungun da hannunsa ba ya shiga ita ke zaro shi. Da haka ya sa mata Tsinke, sunan ya bi ta har jami'a. Ba mai yawan magana ba ne, amma da ita bakinsa ba ya rufuwa muddin akwai na'ura a buɗe a gabansu. Tana shekara goma sha uku ta fara gane cutar kwamfuta da jin ƙararta kawai, sai ya dubi mai kayan ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Shekarar da za ta gama karatu ya sayo kujera mai juyawa irin tasa, ya ajiye a ɗaya gefen teburin, bai ma cire mata leda ba. Bai ce wa kowa komai ba, amma ko makaho ya san ta wace ce. Sai ga Tsinke ta dawo da takardar ɗaukar aiki daga wani gari mai nisa, wanda sai an kwana a hanya an kuma nuna takardu a kan iyaka kafin a kai. Wurin aikin wani ƙaton gini ne da ba a ajiye komai a cikinsa sai uwar garke, wato manyan kwamfutocin nan da ba a kashewa dare da rana, waɗanda sauran kwamfutoci ke ɗibar bayanai daga wurinsu ta intanet. Mutane daga nesa suke aiko da nasu a ajiye musu a can, saboda wutar ginin ba ta ɗaukewa, sanyinsa ba ya yankewa. Aikinta shi ne ta zama hannun waɗanda ba sa nan: ta ɗaura, ta sauya abin da ya lalace, ta duba abin da suka ce a duba.

Ya karanta takardar sau biyu, ya miƙa mata ya ce, "Allah ya sa alheri." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ranar tafiya ya riga kowa fita, wai yana da aikin gaggawa. Malama ce kaɗai ta raka ta tasha.

Bayan wannan, maganarsu ta waya ta koma kamar gaisuwar maƙwabtan da ba su saba ba. "Kin tashi lafiya? Ya aikin? To madalla. Ga mamanki." Sai ya miƙa wayar ya tsaya bakin ƙofa yana gyara maɓallin hannun riga, kunnensa na wurin hirar. Sau ɗaya ta zo gida, lokacin aurenta da wani abokin aikinta. Kwana tara ta yi, gida cike da dangi, bai samu ya zauna da ita ba, ko kuma dai bai nema ba. Da ta koma sai ya riƙa biyawa ta ƙofar ɗakinta yana duba ko taga a rufe take, alhali shi ya rufe ta da hannunsa.

Ana cikin shekara ta biyar da tafiyarta, Likita ta zo shagon. Tsohuwar mai hulɗa da shi ce, tana da ɗakin gwajin jini mai rassa uku a cikin gari, kuma duk sakamakon gwajin mutane yana cikin wata kwamfuta da ke ƙarƙashin teburin sakatariyarta. A makon nan rufin ofis ya yi yoyo, ruwa ya tsaya taku ɗaya daga na'urar.

"Na kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba," in ji ta. "Malam, ina so a ɗauke abin nan daga ƙarƙashin tebur a kai shi inda ya dace. Kuma ina so ka haɗa mini wanda ba ya mutuwa."

"Wanda ba ya mutuwa Allah ne, Likita. Amma zan haɗa miki wanda in wani sashensa ya mutu, aiki ba zai tsaya ba."

"To a ina za a ajiye?"

Ya cire tabarau ya goge, ya ambaci ginin da Tsinke ke aiki. Ya kawo hujjoji, kuma duk gaskiya ne: layin wuta biyu ne ke shiga ginin daga wurare daban, ga janareta, ga masu gadi, ga sanyi. Likita ta saurara har ya gama, ta ce ai ta ji akwai irin wannan wuri kusa da nan. Ya ce akwai, amma shi a can yake da hannun da ya yarda da shi. Ta yi murmushi ta ce ya yi yadda ya ga ya dace.

Da ya ba Malama labari a gida tana cikin duba littattafan ɗalibai, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Wato 'yarka ce ba za ka iya kira ba sai ka aika mata ƙarfe tukuna."

"Aiki ne, Malama."

"Na ji. Aiki ne."

Washegari da hantsi ya kira Tsinke da kansa. Sai da ta tambaya ko lafiya, don bai saba ba. Ya ce lafiya lau, tambaya yake da ita: kantocin ƙarfen da suke jera na'urori a ciki, nawa ne zurfinsu? Ta faɗa masa. Wace irin soket suke amfani da ita? Ta faɗa. Daga nan magana ta ɓalle kamar an buɗe famfo. Ya ce yana so ya sa mashigar wuta biyu, kowace a layinta, in ɗaya ta ƙone ɗayar ta riƙe. Ta ce haka ya kamata, kuma ya nemi mai ƙwaƙwalwar da ke gyara ƙananan kurakuranta da kanta. Ya ce ya riga ya rubuta wannan. Ta ce kada ya manta da ɗan katin nan da zai ba shi damar kashe na'urar ya kunna ta daga shagonsa, ya kuma ga allonta ko da ta ƙi tashi. Sai suka zo kan faifai. Ya ce tagwaye zai yi musu, duk abin da aka rubuta a kan ɗaya ya zama yana kan ɗan'uwansa a lokaci guda.

"Ya yi, Baba, amma tagwaye ba su isa ba. In sakatariyar Likita ta goge abu bisa kuskure, a kan duka biyun zai goge. Sai an riƙa ɗaukar kwafi kullum ana kaiwa wani wuri daban."

Ya san wannan tun kafin a haife ta. Amma ya bar ta ta gama bayani, yana gyaɗa kai shi kaɗai a shago, wani daɗi na ratsa shi. Da suka ajiye waya ya duba, minti arba'in da bakwai. Mai ɗinkin labule ya leƙo ya ce, "Yau kuma wa ya ba ka kyauta? Tun ɗazu haƙoranka a waje."

Sayen kayan ya ɗauke shi wata guda. Mai Kwantena, wanda ke shigo da irin waɗannan na'urori, ya sha fama da shi. Ya nuna masa wata sabuwa fil mai ƙyalli, ya ce ga sauri ga araha. Biyu-Biyu ya zagaya bayanta ya ga mashigar wuta ɗaya ce, ya ce araha ba ta ado. Mai Kwantena ya nuna masa wata, Biyu-Biyu ya ga sai an kwance murfi an kashe ta kafin a cire faifai, ya ce wadda yake nema ita ce mai aljihuna a gaba, a zaro faifai kamar aljihun tebur tana cikin aiki. Da aka samu wadda ta yi masa, sai rigima ta koma kan faifan. Mai Kwantena ya ɗauko kwali guda mai shida a jere, ya ce ga su nan 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

"Abin da ba na so ke nan," in ji Biyu-Biyu. "Rana ɗaya aka ƙera su, mota ɗaya ta ɗauko su, rami ɗaya suka faɗa a hanya. In akwai cuta a jininsu, mako ɗaya za su kwanta. Ba ni biyu daga nan, biyu daga kayan da suka zo maka bara, sauran biyun zan nemo na wani kamfani."

"Malam, kai ko auren 'yarka ba ka yi wannan bincike ba."

Maganar ta ɗan sosa shi, amma ya yi dariya ya bar ta ta wuce.

Haka ya tsara su: huɗu suna aiki tagwaye-tagwaye, kuma bai haɗa 'yan kwali ɗaya a tagwaye ɗaya ba. Na biyar yana ciki yana zaman ko-ta-kwana, da zarar wani ya mutu shi zai maye gurbinsa da kansa. Na shida zai tafi a kwalinsa a ajiye kusa. Ya kunna na'urar a kan tebur ya bar ta mako uku tana rubutu tana karatu ba hutawa, don a cewarsa faifan da zai mutu da ƙuruciya gara ya mutu a gabansa. Ƙarar fankokinta ta cika shagon har sai an ɗaga murya. Kusan kullum sai ya samu abin tambayar Tsinke, wani lokacin abin da ya riga ya san amsarsa. Ita ma ta fara kiransa da kanta tana tambayar yaya zafin na'urar yau.

Ranar da Likita ta zo gani, ya sa ta buɗe wani sakamakon gwaji na misali a allo, sannan ya kama aljihun faifai na biyu ya zaro shi gaba ɗaya ya ɗora mata a hannu. Ta dafe ƙirji. Rubutun da ke allo ko motsi bai yi ba. Ya fizge wayar wuta ɗaya, na'urar ta yi ƙara ta ci gaba da aikinta. Likita ta ce gani ya kori ji.

Sai ya zauna ya yanka 'yan takardu ya rubuta lambar kowane faifai da hannunsa, ya manna a goshin aljihunsa, don wanda zai cire ya san wanda yake cirewa. Niyyarsa ya raka na'urar da kansa. Ya je ofishin takardun tafiya sau huɗu, ya bi layi, ya ɗauki hoto, ya cike fom. Malama har ta ɗinka masa riguna biyu masu kauri don an ce garin da sanyi. Ranar da motar kaya za ta tashi ta zo, takardunsa ba su fito ba, aikin Likita kuma ba zai jira ba. Ya naɗe na'urar da soso, ya ɗaure kwalin da kansa. Ya ɗauki takarda zai rubuta wa Tsinke wasiƙa, ya yi rabin awa biro na hannunsa, a ƙarshe abin da ya fito shi ne jerin yadda za a haɗa wayoyi, daga na ɗaya zuwa na tara. A ƙasa ya ƙara da cewa ta kula da bayanta wajen ɗagawa, tana da nauyi. Ya tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana. Ƙarfe ya samu izinin ƙetare iyaka, uban yarinya bai samu ba.

Bayan kwana shida ta kira ta ce ta ɗaura ta kunna. Ya shiga daga kwamfutar shagonsa, ga na'urar nan ta amsa, faifai biyar duk lafiya. Suka yi wa juna barka. Daga nan kuma sai abin faɗa ya ƙare.

Na'urar ta yi abin da ya haɗa ta ta yi. Wata ya bi wata, shekara ta bi shekara, ko tari ba ta yi ba. Kowace safiya in ya buɗe shago, kafin ya sha shayi, sai ya shiga ya duba ta: zafinta daidai, fankoki na juyawa, kwafin jiya ya tafi inda ake kai shi. Yakan daɗe yana kallon lambar zafin ɗakin, yana cewa a ransa, yanzu wannan sanyin ne ke taɓa fuskarta in ta shiga. A cikin shekarun nan Tsinke ta haihu, namiji. Ya ga jikan a hoto, ya ji kukansa a wayar Malama. Gaisuwarsu ta koma yadda take a da, sai dai yanzu yakan ƙara da, "Ya na'urar?" ta ce, "Lafiya lau, Baba, ai kai ma kana gani."

Malama ta ce masa, "Ka ga abin da ƙwarewa ta ja maka. Da ka haɗa mai ɗan ciwon kai, da kullum kuna tare."

Ya ce Allah ya kiyaye, amanar mutane ce a ciki. Amma akwai safiyar da ya kama kansa yana duba allon da fatan ya ga jar alamar matsala, ya yi maza ya nemi gafarar Ubangiji, ya tashi ya shiga share shagon da ya riga ya share.

Sai a shekara ta huɗu abin ya zo. Ya buɗe shago ya tarar da saƙon da na'urar ta aiko: faifai na uku ya mutu. Na ko-ta-kwana ya riga ya shiga, yana kwashe bayanai daga tagwayen mamacin, aikin da zai ci awa bakwai. Wannan ne lokaci mafi haɗari, domin har a gama kwashewa, rabin bayanan Likita a kan faifai ɗaya suke tsaye. Ya kira Tsinke ya faɗa mata, ya ce kada kowa ya taɓa komai sai an gama. Ta ce za ta shiga bayan azahar.

Da ta kira, ƙarar ɗakin ce ta fara shigo masa kunne, kamar ruwan sama a kan kwano. Ta ɗaga murya ta ce tana gaban na'urar, fitilar aljihu na uku ta koma ja. Ya ce ta karanto masa lambar da ke goshinsa. Ta karanto, ya bi da yatsa a littafinsa, ta yi daidai. Ya duba allo, saura kashi tara cikin ɗari, kusan minti arba'in.

"Bari in fita baranda in jira, nan ba a jin magana," in ji ta. Ya ji ƙofa ta rufu, ƙarar ta ɗauke. Ya yi zaton za ta ce sai an jima. Ba ta ce ba. Ya ji ta ja kujera.

Ya tambayi yaron, ta ce ya fara haɗa magana, kuma duk abin da ya samu sai ya kwance shi, jiya ma agogon babansa ya sha. Biyu-Biyu ya yi dariya har da tari. Ta ce takardun da ya manna sun fara yin rawaya, amma rubutun na nan, kuma duk sanda ta bi ta layin sai ta tsaya ta duba, har abokan aikinta sun san na'urar da sunan ta Baba.

Sannan ta ce, "Baba, in tambaye ka wani abu?"

"Ina ji."

"Me ya sa ba ka raka ni tasha ba?"

"Aiki ne ya riƙe ni."

"Ba aiki ba ne. Mai labule ya faɗa wa Mama, wai kwamfutar da ba abin da ya same ta ka kwance ka sake ɗaurawa har yamma."

Ya dubi allo. Saura kashi biyar. Ya cire tabarau ya ajiye a kan robar tebur.

"Na san kaina ne," ya ce. "In na je, zan ce kada ki tafi. Kuma na san ki. In na ce, za ki sauko."

Da ta yi magana muryarta ta sauya. "Da na sauko kuwa."

"Shi ya sa."

"Ni kuma duk shekarun nan na ɗauka fushi kake."

"Fushi da wa? Ni dai ban iya ba ne, Tsinke. In ba na'ura a gabana, ban san ta inda ake fara magana ba."

Ya ji tana jan hanci, tana kuma dariya a lokaci guda. Ta ce to ai ga shi ya fara. Ta ba shi labarin watanninta na farko a garin, yadda takan shiga ɗakin na'urori ta yi kukanta don ba mai ji saboda ƙara. Shi kuma ya faɗa mata abin da bai faɗa wa Malama ba, cewa idonsa na dama ya fara hazo, ƙananan sukurori sai da lalube. Ta yi masa faɗa sosai, ta sa ya yi alkawarin zuwa asibiti a makon. Suna cikin haka ya lura allo ya daɗe da cika. Bai faɗa ba sai da ta tambaya.

Ta koma ciki, ta sake karanta lambar, ta zaro mataccen, ta zura na shida. Fitila ta koma kore. Likita ba ta ma san an yi wani abu ba sai da ya je ya shaida mata.

Tun daga ranar Tsinke take kiransa duk ranar hutunta. Hirar ba kullum take tsawo ba, wani lokacin su yi shiru yana jin motsin kwanoninta da surutun yaron, amma ya daina cewa ga mamanki. Malama sai ta zo ta tsaya masa a kai tana miƙo hannu kafin ya saki wayar. An yi masa aikin ido, ya samu sauƙi, sai dai likitan ido ya hana shi doguwar tafiya na wani lokaci, daga baya kuma ciwon ƙafa ya ce ga shi.

Da na'urar ta cika shekara shida, shi da kansa ya gaya wa Likita lokacin sauya ta ya yi, tun ba ta fara ba su kunya ba. Wannan karon Tsinke ce ta zaɓi sabuwar, a can aka saya, a can aka gwada. Ta turo masa jerin kayan ya duba, ya karanta daga sama har ƙasa yana neman abin gyara bai samu ba, har faifan ma daga wuri uku ta haɗo su. Ya ce ya yi. Ya ji daɗi, ya kuma ji wani iri, domin wannan ce na'ura ta farko da ke ɗauke da amanarsa wadda hannunsa bai taɓa ba.

Da aka kwashe komai aka kashe tsohuwar, Tsinke ta tambaye shi yadda za a yi da ita, don a wurinsu irin waɗannan tarwatsa su ake yi. Likita ta riga ta ce ta bar masa. Ya ce a goge faifan tas, amma kada a tarwatsa, a sa ta a motar kaya. Malama da ke gefe tana yankan farce ta ɗaga murya yadda za a ji a can, ta ce, "Wace motar kaya? Wadda ta ɗaura ita za ta kawo ta da hannunta, ta haɗo da yaron."

Tsinke ta yi dariya ta ce, "To Mama, bari mu gani in an yi wa yara hutu."

Washegari Biyu-Biyu ya zo shago da awo, ya auna ƙarshen teburin, ya kwashe gwangwanaye huɗu ya mayar kan kanta, ya goge wurin. An yi hutu na farko mijinta bai samu izini ba. An yi na biyu yaron ya yi ƙyanda. Yanzu sun ce na uku, in Allah ya yarda. Masu kawo gyara sukan zo da kaya niƙi-niƙi su nufi wannan fili za su ajiye, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, kawo nan. Can da mai shi."